Abdulkarimu Barth, Baƙon da Ya Kwana Huɗu a Yola

Filinmu na tarihin mutanen da, a wannan karo ya faɗo kan wani baƙo ne wanda ba Bahaushe ba, ba Bafulatani ba, ba ma Musulmi ba, amma da wuya a ba da labarin Yola ta farko ba a ambace shi ba. Ranar Juma'a 20 ga watan Yuni 1851 ya shigo garin bisa doki, raƙuma na biye da shi. Ranar Talata kuwa aka ce ya tattara nasa ya nasa ya koma inda ya fito. Kwana huɗu ke nan. Sunan da iyayensa suka sa masa Heinrich Barth, mutumin Jamus, amma daga Tarabulus har Tambutu da Abdulkarimu aka san shi.

An haife shi a birnin Hambog ranar 16 ga Fabrairu 1821. Ubansa attajiri ne wanda ya tashi cikin talauci ya nema da guminsa, saboda haka ba ya jin ƙyashin kashe kuɗi kan karatun ɗansa. Yaron ba mai son wasa ba ne, ba shi da abokai da yawa, kullum yana manne da littafi, harsuna kuwa kamar ya sha su a nono. A 1839 ya shiga jami'ar Balin, ya karanci tarihin Girkawa da Rumawa da labarin ƙasa. Bai daɗe ba ya ajiye karatun na ɗan lokaci ya tafi Italiya, ya zaga birnin Rum har ya gangara tsibirin Sisili, yana bin kufan mutanen da ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ne son Bahar Rum ya shige shi, bai kuma fita ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Digirinsa na dakta, wanda ya samu a 1844, a kan kasuwancin tsohon birnin Korinti na Girka ya rubuta shi. Wato tun yana saurayi abin da ke ransa shi ne fatauci: wa ke sayar wa wa, ta wace hanya, da wane irin kuɗi. Ku riƙe wannan, don shi ne ya sa daga baya ya fahimci Kano fiye da sauran Turawan da suka riga shi.

A 1845 ya fara babbar tafiyarsa ta farko, da kuɗin ubansa. Ya tsaya Landan ya ƙara Larabci, ya ratsa Faransa da Sifen, ya ƙetare zuwa Tanja a Maroko, sa'an nan ya juya gabas yana bin gaɓar teku. A ƙasar Tunis ya tsaya kan kufan Kartaj, birnin da ya yi ja-in-ja da Rum shekara da shekaru kafin Rumawa su rushe shi. A wani gari na ƙasar da ake kira Kaf ya gamu da wani bawa, Bahaushe. Suka zauna hira, Barth yana ta yi masa tambaya kan ƙasarsu. Da mutumin ya ga yadda Baturen nan ya ɗauki zancen da zafi, sai ya yi masa fata, in Allah ya yarda wata rana zai je ya ga Kano da idonsa. Barth ya faɗa da kansa cewa maganar nan ba ta daina yi masa amo a kunne ba. Allah Sarki, ba mu san sunan bawan Allahn nan ba, ba mu san garinsu ba, ba mu san ko ya sake ganin gida ba.

Daga Tunis sai ƙasar da yau ake kira Libiya, a lokacin tana hannun Turkawa. A cikin tsohon birnin Tarabulus akwai wata ƙofa ta dutsen marmara mai fuska huɗu, wadda aka gina wa Sarkin Rum Markus Aureliyus wajen shekara ta 165 bayan haihuwar Annabi Isa. A zamanin Barth ƙasa ta ci gindinta, gidaje sun matse ta, har an taɓa mai da ita wurin ajiyar kaya. Gabas da Tarabulus, tafiyar kamar kilomita 120, akwai Labda, wadda Rumawa ke kira Leptis Magna, mahaifar Sarki Septimiyus Seberus da ya mulki daular Rum daga 193 zuwa 211. Da ya hau gado bai manta da garinsu ba, ya cika shi da manyan gine-gine, da dandali, da tashar jiragen ruwa. Lokacin da Barth ya je, yashi ya binne mafi yawan birnin, wasu ginshiƙan kuma tuni an kwashe su an kai Faransa da Ingila don ƙawata gidajen sarakuna. Sai a ƙarni na 20 ne Italiyawa suka tono shi, har Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1982. Can gaba kuma, bisa Jabal Ahdar, wato Koren Dutse, ya ga Shahat, tsohuwar Kirene ta Girkawa, da kaburburanta da aka sassaƙa a jikin dutse, jeri-jeri a bakin hanya.

Mai karatu zai iya cewa, to mu ina ruwanmu da duwatsun Rumawa? Ruwanmu shi ne, wannan gaɓa ita ce ƙarshen zangon kakanninmu. Jar fatar Kano da ta Sakkwato, wadda Turawa ke ɗauka ta Maroko ce, da gashin jimina, da hauren giwar da fatake ke sayowa a nan Adamawa, da yawansu a Tarabulus suke sauka. Daga can kuma ake ɗoro takardar da malamai ke rubutu a kai, da alharini, da jar dara, da alkyabba, da allura, da ruwan takobi. Wanda ya san unguwar Alfindiki da Dandalin Turawa a Kano ya san inda Larabawan Gadamas da na Tarabulus suka zauna. Bayi ma ta nan aka bi da su, kamar mutumin nan na Kaf. Ba a ɓoye wannan.

Tafiyar ta kusa zama ajalinsa. A 1846, dab da iyakar Masar, 'yan fashi suka tare shi, suka harbe shi a ƙafa, suka kwashe kayansa har da yawancin rubuce-rubucen da ya yi wata da watanni yana tarawa. Wani da ya juya gida. Shi kuwa da ya warke sai ya bi Kogin Nilu ya yi kudu, ya dawo ya ratsa Sina'i da Falasɗinu da Sham, ya bi ta ƙasar Turkawa da Girka, bai isa gida ba sai 1847. Ya rubuta littafi kan wannan yawo na gaɓar Bahar Rum, ya fito a 1849, bai yi kasuwa ba. Ya gwada koyarwa a jami'a, ɗalibai suka guje shi, don mutum ne mai ilmi amma ba shi da daɗin baki.

Ana cikin haka sai ga dama. Gwamnatin Ingila tana shirya ayari zuwa ƙasashen da ke kudu da Sahara, a ƙarƙashin James Richardson, don a ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna, a kuma ga yadda za a kashe cinikin bayi. Ana neman masana, aka ɗauki Jamusawa biyu, Barth da wani saurayi masanin duwatsu, Adolf Overweg. Suka tashi daga Tarabulus a watan Maris 1850. Cikin kayansu har da jirgin ruwa da aka yanka gunduwa-gunduwa aka ɗora wa raƙuma, wai za a haɗa shi a Tafkin Chadi. An kuwa haɗa ɗin, Overweg ya shiga tafkin da shi.

Ko cikin hamada halinsa na bin kufai bai bar shi ba. Duk inda ya hangi kabarin Rumawa ko ganuwarsu sai ya ratse ya auna ya zana. Bayan Murzuk ya ga zanen shanu da mutane a jikin duwatsu, a wurin da yau ko akuya ba ta samun abin ci, ya gane cewa akwai lokacin da Sahara ke da ruwa da ciyawa. Kusa da Gat akwai wani dutse, Idinen, wanda Buzaye ke cewa fadar aljanu ce. Suka hana shi hawa, ya ƙi ji, ya tafi shi kaɗai. Ruwansa ya ƙare, ya ɓace, ƙishirwa ta kai shi har ya tsaga hannunsa ya tsotsi jininsa. Kashegari wani Buzu ya bi sawunsa ya tsinto shi kwance, rai a hannun Allah. Taurin kai ne, ba jarumtaka ba, shi ma bai musa ba.

A hanyar Azbin ya kama Hausa a bakin 'yan ayari, kafin ya kai Agadas a Oktoba 1850 yana ciniki da ita. A Damargu abokan tafiyar uku suka rabu, da alkawarin haɗuwa a Kukawa. Richardson bai kai ba, zazzaɓi ya kashe shi a hanya a Maris 1851. Barth ya bi ta Tasawa da Katsina, ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu 1851. Fatan bawan nan na Kaf ya cika, sai dai ya shigo ne aljihu wayam, bashi a wuya, ga zazzaɓi. Duk da haka ya hau Dala ya zana birnin, ya zaga kasuwa da marina, ya ƙiyasta mazauna 30,000, ya ce lokacin fatake sukan ninka. Abin da ya fi burge shi shi ne arzikin Kano a hannun masaƙa da marina da dukawa yake, kowa a gidansa da iyalinsa, kuma tufar Kano tana kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

Ya isa Kukawa a farkon Afrilu, Shehu Umar da wazirinsa Alhaji Bashir suka karɓe shi hannu bibbiyu. A nan ya yi ta jin labarin wata ƙasa a kudu, Fombina, da wani babban kogi da ke ratsa ta. Turawa a lokacin sun san bakin kogin inda ya haɗu da Kwara, amma ba su san daga ina ya fito ba, wasu ma suna zaton daga Tafkin Chadi yake malalowa. A ƙarshen Mayu ya kama hanya tare da wani jakadan Shehu. Suka ratsa ƙasar Margi, suka bi ta Uba da Mubi, damina ta riga ta sauka. Raƙumansa suka zama abin kallo a ƙauyuka. Ya lura cewa a ƙasar nan ba wuri ne kuɗi ba, ƙyallen saƙi ne da Fulani ke kira leppi, kuma gyaɗa ta zama abincin yau da kullum.

Ranar Laraba 18 ga Yuni da hantsi ya tsaya a Tepe, gabas da nan, wajen iyakarmu da Kamaru ta yau, inda Faro ke zubawa cikin Binuwai, ga duwatsun Alantika can kudu. Mu da muke ƙetare kogin nan bisa gada safe da yamma, ko waiwaye ba ma yi, ba za mu gane irin murnar da ya yi ba. Ya ɗauki ranar cikin mafiya daɗi a rayuwarsa. Ya ƙiyasta faɗin Binuwai yadi 800, na Faro 600. Suka haye cikin ƙananan kwale-kwale na itace guda, dawaki na iyo, raƙuma kuwa sai da aka sha fama. Don murna har ya faɗa ruwa ya yi wanka. Bayan kwana biyu ya iso Yola, jiki ya fara ɗumi.

Yolar da ya gani ba ta fi shekara 10 da kafuwa ba. Modibbo Adama ya sauka a wurin a 1841, ya rasu a 1847, ɗansa Lamiɗo Lawal ke kan gado. Gari ne shimfiɗaɗɗe ba ganuwa, ɗakunan ciyawa cikin manyan gidaje, har da gonakin dawa a tsakaninsu, gine-ginen ƙasa kuwa na Lamiɗo ne da 'yan'uwansa. Ya ƙiyasta mutane 12,000. Shi a jinsa, daga unguwar Yola ta Kano aka ɗauko sunan garin. Masu garin kuwa sun ce daga yolde ne, wato tudu da Fulatanci. Kanawanmu na nan Jimeta kada su yi saurin tafi, ni dai na fi karkata ga masu garin. Wani abin mamaki, a Yolar nan ya tarar da wani Balarabe mutumin Yaman wanda ya zaga gabashin Afirka har ya je Indiya. Ashe tun ran nan garin ba ya rasa baƙi. Ya kuma rubuta, ba tare da sakayawa ba, yawan bayin da ke hannun manyan ƙasar.

To, me ya ɓata lamarin? Jakadan da ya rako shi yana ɗauke da wasiƙun Shehun Barno, a cikinsu Shehu yana neman wasu ƙasashe na kan iyaka waɗanda Adamawa ke ganin nata ne. Aka karanta a gaban fada, rai ya ɓaci. Ga Bature ya zo tare da masu wannan saƙo, yana tambayar sunan kowane kogi da kowane dutse yana rubutawa, kuma ba ya riƙe da takardar Sarkin Musulmi. Lamiɗo ya aika masa cewa shi a ƙarƙashin Sakkwato yake, ba zai bar baƙo irin wannan ya zaga ƙasa ba sai da izinin can. Barth ya fusata ƙwarai, don burinsa ya wuce kudu. Ranar 24 ga Yuni ya fita, zazzaɓi ya ci ƙarfinsa, da ƙyar yake zama kan sirdi.

Marubutan Turai sun daɗe suna ba da labarin nan kamar Lamiɗo ya yi wa baƙo rashin kirki. Ni ban gan shi haka ba. Ba a taɓa lafiyarsa ba, ba a ƙwace kayansa ba, an dai ce ya bi ta ƙofar da ta dace. Ku duba kuma abin da ya biyo baya. Rahoton da Barth ya aika Landan, cewa Binuwai hanya ce da jirgi zai iya bi daga teku har cikin ƙasa, shi ya sa a 1854 aka turo jirgin Pleiad a ƙarƙashin Dakta Baikie, ya hauro har yankin Muri kafin ya juya. Bayansa 'yan kasuwar Kamfanin Neja suka zo. A Satumba 1901, shekara 50 bayan zuwan Barth, sojan Ingila suka hauro ta kogin nan suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu, ƙanen Lawal, ya fita yana yaƙi, ƙasar Fombina kuma aka raba ta tsakanin Ingila da Jamus. Barth da kansa bai zo da niyyar cin ƙasa ba, ya mutu tun kafin wannan, amma taswirarsa ta yi wa wasu jagora. A ɗaya hannun kuma, jiragen nan da suka riƙa zuwa da damina a da suna kwasar gyaɗa da auduga su suka raya bakin kogin Jimeta, su suka jawo iyayen da yawa daga cikinmu daga Kano da Katsina da Zazzau da Haɗeja. Kowa ya auna da kansa.

Sauran tafiyar doguwa ce, sai mu gutsura. Ya je Kanem da Bagarmi, ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu ya ga yadda ake farautar bayi, ya rubuta abin da ya gani ba ragi. Overweg ya mutu a bakin Chadi a Satumba 1852, ya bar shi shi kaɗai. Maimakon ya nufi gida sai ya yi yamma: Damagaram, Katsina, Wurno wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, Sakkwato, Gwandu. A Kukawa ya riga ya samu jerin sarakunan Barno da rubutun Imam Ahmad ɗan Fartuwa, a Gwandu kuma aka ara masa Tarihin Sudan ya zauna kwana da kwanaki yana kwafa, ko da yake ya yi kuskuren jingina littafin ga Ahmad Baba alhali na Abdurrahman Sa'adi ne. Wannan shi ne babban bambancinsa da 'yan'uwansa matafiya: ya zauna gaban malamai a matsayin mai neman sani, ya koma ya gaya wa Turai cewa mutanen nan suna da rubutaccen tarihi na ɗaruruwan shekaru. A hanyar Tambutu ne ya ɓad da kama ya ce shi sharifi ne daga Sham. Ya shiga birnin ranar 7 ga Satumba 1853, asiri ya tonu, masu neman kansa suka yi yawa, Shehu Ahmad al-Bakka'i na Kunta ya tsaya masa wata da watanni har ya fitar da shi lafiya.

A Turai an riga an ba da labarin mutuwarsa. Sai ga shi a Tarabulus a ƙarshen Agusta 1855, bayan shekara biyar da wata biyar, ya yi tafiyar da ta haura kilomita 15,000. Bai koma shi kaɗai ba. Akwai yara biyu da Overweg ya 'yanta, Abbega ɗan Margi da Dorugu Bahaushen ƙasar Damagaram, ya tafi da su har Landan da Hambog. Labarin da Dorugu ya bayar na rayuwarsa da tafiyarsa, wanda wani ɗan mishan mai suna Schön ya rubuta daga bakinsa, yana cikin tsofaffin rubutun Hausa na boko. Abbega daga baya ya yi sarauta a Lakwaja. Dorugu kuwa ya ƙare a Kano, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa, ya rasu a 1912.

Littafin Barth ya fito cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858, da Ingilishi da Jamusanci, shafi kusan 3,500. Masana sun yaba, jama'ar gari kuwa suka ce ya yi nauyi, suka fi son labaran Livingstone. Shi ma bai iya zama da mutane ba, ya yi ta saɓawa da Ingilishi har ya tattara ya koma Balin, inda sai a 1863 aka ba shi kujerar farfesa, ita ma ba cikakkiya ba. Ya wallafa tarin kalmomin harsunanmu, har da Hausa da Fulatanci da Barbarci. Bai yi aure ba. Bai sake ƙetare Sahara ba, amma kusan kowace shekara sai ya koma wa tsohuwar ƙaunarsa: ƙasar Turkawa a 1858, sa'an nan Sifen, da Balkan, da Italiya, yana hawan duwatsu yana kwafar rubutun da ke jikin kufai. Bai daɗe da dawowa daga irin wannan tafiya ba ciwon ciki ya kama shi, ya mutu a Balin ranar 25 ga Nuwamba 1865, yana da shekara 44. A can aka binne shi.